Ranar da Aka Share Titin Edinburgh

A tsohon harshen mutanen Sikotland, titin da aka shimfiɗe da duwatsu sunansa "causey". Tsakiyarsa ta fi tudu domin ruwa da ƙazanta su gangare gefe, saboda haka tsakiyar ta manya ce, talaka sai dai ya raɓa. Har yau akwai titin Causewayside a Edinburgh da Causeyside a Paisley. Amma abin da ya fi riƙe kalmar a bakin mutane shi ne wani faɗa da aka gwabza a Edinburgh ranar 30 ga Afrilu, 1520, wanda suka laƙaba wa suna "sharar causey".

A lokacin ƙasar ba ta da mai tsawatarwa. An kashe Sarki James na Huɗu a yaƙin Flodden a 1513, magajinsa James na Biyar yaro ne ɗan shekara 8, mai riƙon sarautar kuma, Duke na Albany, yana Faransa. Gidaje biyu ke ja-in-ja a kan birnin da yaron sarki: gidan Hamilton ƙarƙashin hakimin Arran, da gidan Douglas ƙarƙashin hakimin Angus, mijin uwar sarki.

Mutanen Hamilton sun fi yawa a gari, suka kuwa shirya cafke Angus. Sai Angus ya tura baffansa Gavin Douglas, bishop ɗin Dunkeld kuma mawaƙi, wajen babban bishop na Glasgow, James Beaton, wanda ke tare da gidan Hamilton, ko a samu sulhu. Marubutan tarihin ƙasar sun ce Beaton ya rantse da zuciyarsa cewa bai san da wani shiri ba, ya bugi ƙirjinsa don ƙarfafa rantsuwar. Sai sulken da ya ɓoye a ƙarƙashin rigar limanci ya yi ƙara. Gavin ya gaya masa a fili cewa zuciyar da ya rantse da ita ta tona masa asiri.

Akwai mutum guda da ya nemi a ajiye makamai da gaske, Sir Patrick Hamilton, ɗan'uwan Arran. Ɗan Arran, James na Finnart, ya yi masa gorin tsoro a gaban jama'a. Zuciya ta ɗebe shi, ya shige gaban kowa, kuma yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Wannan ne ya fi ba ni takaici a labarin, domin shi ne ya fi kowa gaskiya a ranar.

Angus ya tare bakunan lungunan da ke fitowa babban titi, mutanen gari suna miƙo wa dakarunsa mashi ta tagogi. Aka kashe kusan mutum 70 a ɓangaren Hamilton. Arran da ɗansa suka tsere bisa dokin dakon gawayi, suka kutsa ta tafkin Nor Loch da ke arewacin birnin. Beaton ya gudu cocin Blackfriars ya laɓe, aka finciko shi, da ba don Gavin Douglas ya shiga tsakani ba da an kashe shi.

Gavin ya rasu a Landan a 1522, annoba ta ɗauke shi. Beaton kuwa ya zama babban bishop na St Andrews. A can, cikin watan Fabrairun 1528, ya jagoranci shari'ar wani matashin malami mai bin koyarwar Martin Luther, aka ƙone shi da ransa. Sunan matashin Patrick Hamilton, ɗan Sir Patrick ɗin da ya roƙi sulhu.