3.2 Al'adar Gandu da Noman Rani a Yankin Kura da Bunkure

A wannan sashe za a duba yadda al'adar gandu ta yi tasiri a kan tunanin manoman wannan yanki lokacin da noman rani na zamani ya shigo musu. Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, kuma daga can aka janyo ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A shekarar 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda kula da aikin ya koma hannunta.

Waɗanda suka tsara aikin sun yi lissafin ruwa da faɗin ƙasa, suka kuma ɗauka cewa kowane magidanci yana da masu yi masa aiki a gida. A ganin mai wannan nazari, a nan ne lissafin ya sami tangarɗa. Gandu dai shi ne 'ya'ya maza ko ƙanne su riƙa yi wa maigida aiki a gonar gida, ko da kuwa sun yi aure. Shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, sannan ya yanka wa kowa gayauna wadda zai riƙa nomawa da yamma. To amma wannan yarjejeniya ta damina ce. Da zarar an kai amfani rumbu, sauran watannin na yaro ne. Wani ya tafi ci-rani, wani ya shiga fatauci, wani ya koma marina, domin tun da can Kura ta yi suna wajen rini.

Alkama kuwa da sanyi ake shuka ta, wato daidai lokacin da yaro ya ɗauka ya sauke nauyin uba. Abin lura shi ne, babu wanda ya rubuta wannan ƙa'ida, amma kowa ya tashi ya tarar da ita. Uba yakan ji nauyin tilasta wa ɗansa aikin rani, don kada a ce ya danne masa haƙƙi. Shi ma ɗan ba ya ganin ya yi rashin kunya idan ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar ta gida. Saboda haka sai aikin rani ya koma na kuɗi. Mai hali ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya sayi taki, ya biya kuɗin ruwa. Maras hali kuwa, sau da yawa sai ya ba da gonarsa haya ga 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birnin Kano, wani lokaci ma ya dawo yana aikin lada a cikinta.

Har ila yau, al'ada ce ta raba wa mata aiki. Matan aure da ke kulle ba su fita gona, sai dai su yi sana'a a cikin gida, kamar turara shinkafa. Tsofaffi da zawarawa su ne suka fita tsinkar kayan lambu da sheƙar alkama. Jackson (1978) ta kawo bayanin yadda irin waɗannan mata suka yi yajin aiki a shekarar 1977 a gonar wani kamfani na Turawa da ke yankin, suna neman a ƙara musu lada, alhali ba su da wata ƙungiyar ƙwadago a rubuce.