Yadda masana ke auna rawar ƙwayar zarra

Ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka zama ƙarfe ko dutse ba a tsaye suke cik ba. Kullum cikin karkarwa suke, kuma karkarwar na ƙaruwa ne gwargwadon zafi.

Wannan motsi ya daɗe yana ci wa masu aiki da madubin bincike na ilektiron tuwo a ƙwarya, wato na'urar da Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a shekarar 1931.

Maimakon haske, na'urar na harba ilektiron, waɗanda ƙananan ƙwayoyin lantarki ne, su ratsa wani siririn yanki na abin da ake nazari, su fitar da hotonsa.

To amma duk ilektiron ɗin da ya gifta kusa da ƙwayar zarra mai rawa, yakan bauɗe daga hanyarsa, ya bar mata wani abu daga ƙarfinsa ko ya karɓi nata. Hakan kan sa hoton ya dushe, kamar na yaron da ya ƙi tsayawa gaban mai ɗaukar hoto.

Abin da ya ɓace

Masana sun san cewa ƙarfin da ya ɓace na ɗauke da bayanin yadda ƙwayoyin ke motsi, sai dai auna shi jan aiki ne. Ilektiron da aka harba da ƙarfin volt 60,000 kan yi asarar kimanin kashi ɗaya ne cikin miliyan.

Sai a shekarar 2014 Ondrej Krivanek da abokan aikinsa na kamfanin Nion a Amurka suka ba da rahoton auna wannan 'yar asara, bayan sun ƙera wani sashe da ke tace ilektiron, ya bar masu ƙarfi kusan iri ɗaya kawai.

A 2020 kuma, masu bincike a Daresbury da ke Ingila suka gano rawar ƙwayar silikon guda ɗaya tak a cikin sinadarin girafin.

Batun ya wuce sha'awar masana kawai, domin a cikin silikon, wanda da shi ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula, ta wannan rawa ce akasarin zafi ke tafiya. Sanin inda take cijewa na iya nuna wa injiniyoyi inda zafi ke taruwa.

Sai dai dushewar tana nan. A hoton da masana na jami'ar Cornell suka fitar a 2021, wanda aka ƙara girmansa sau miliyan 100, kusan duk hazon da ya rage na rawar ƙwayoyin ne da kansu.