Fijo 504 mai ƙofa biyu: yadda ake gano ciwon injin da ya daɗe a kwance

Daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Damagaram zuwa Kano, da wuya ka samu dattijon makanike da bai taɓa buɗe injin Fijo 504 ba. Ita ce ta yi shekara da shekaru tana jigilar mutane da kaya a hanyoyinmu, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Sai dai tana da wata ƙanwa da ba kowa ya sani ba: 504 Coupé mai ƙofa biyu, da tagwaininta Cabriolet da ake naɗe wa rufi. Wanda ya yi sa'ar samun ɗaya a bayan wani gida ko cikin tsohon garaji, ya samu abu mai daraja. Hatsarin kuwa yana nan cikin sanin da aka yi wa yayarta: makanike ya ga suna 504, ya ce ai wannan tamu ce, ya sa hannu da gaggawa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Motar da ta ci tseren Afirka

A watan Maris na 1969 aka fara nuna ta a bajekolin motoci na Janeba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi ne kuma ke ƙera gangar jikin a kusa da birnin Turin, inji da sauran kayan ciki kuwa na Peugeot ne na Faransa. Tsakanin tayoyin gaba da na baya ya fi na 504 da muka sani gajarta da santimita 19, kuma jikinsu bai yi tarayya ba. An daina ƙera ta a 1983. Yayin da dangin 504 gaba ɗaya suka haura miliyan 3, masu ƙofa biyun ba su kai 40,000 ba. Cabriolet mai injin V6 ma ba ta kai 1,000 ba.

A Afirka ta yi suna. A 1978 direba Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya lashe tseren Safari na Kenya da 504 Coupé V6, a shekarar kuma ya sake lashe tseren Bandama na Kodebuwa da irinta.

Injuna iri uku aka sa mata. Na farko mai silinda 4, lita 1.8. Daga 1970 aka koma lita 2. A 1974 aka kawo V6 mai lita 2.7. Masu silinda 4 ɗin ba su da kabureta: famfon Kugelfischer na Jamus ne ke harba musu fetur. A nan ne hanyarta ta rabu da ta Fijon tasha.

Kada a fara da makulli

Abu na farko da rai ke raya wa mutum shi ne ya ɗaura sabon batir ya murɗa makulli, a ji ko za ta tashi. To, wannan murɗawar ita ce kan jawo asara mafi girma. Injin da ya yi shekaru bai juya ba, mai ya riga ya tsiyaye daga bangon silinda, watakila tsatsa ta riƙe ringi. Idan sitata ta fizge shi da ƙarfi, ringi na iya karyewa ya karce bango.

Ana fara cire buji huɗun, abin da a Najeriya ake ce wa fulogi, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan a sa sifana a kan babban noti na gaban inji a gwada juya shi da hannu, sannu a hankali. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, an tsallake siratsi na farko. In ya cije, ba a tilasta masa. A ƙara mai, a ƙara haƙuri.

Bayan haka a juye tsohon baƙin mai, a dubi kamanninsa. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A zubar da tsohon fetur, a sauke tanki a wanke, domin fetur da ya daɗe yakan zama danƙo, ƙasan tanki kuma ya tara tsatsa. Duk tiyon roba na mai a sake shi, ko da a ido yana da kyau. Tiyo mai shekara 40 kusa da salansa mai zafi gobara ce ke jiran lokaci.

Matsi, wuta, mai: a bi su a jere

Injin fetur abu uku yake bukata: matsi a cikin silinda, tartsatsin wuta a kan lokaci, da cakuɗen fetur da iska daidai gwargwado. Hikimar duka ita ce a bincika su a wannan jeri. Dalili kuwa: injin da ba shi da matsi, ko ka kwana kana gyaran wuta da mai ba zai daidaita ba, kuma wuta marar kyau tana kwaikwayon duk alamomin matsalar mai.

Awon matsi ba shi da wuya. A cire buji duka, a katse wuta da mai, a buɗe totur gaba ɗaya, a ɗaura ma'auni a ramin buji, a juya inji. Abin lura shi ne yadda silinda huɗun suka yi kusa da juna. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 abin tuhuma ne. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake aunawa. Matsi ya tashi? Ringi ne suka gaji. Bai motsa ba? A nemi bawul ko gaskit. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, galibi gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu.

Amma kafin a yanke wa inji hukuncin buɗewa, a duba ratar bawul. A kan mai silinda 4, da inji a sanyi, milimita 0.10 ne na shigar iska, 0.25 na fitar hayaƙi. Bawul da aka matse fiye da kima ba ya rufewa sarai, sai matsi ya zube. Gyaran minti 30 ne, amma inji nawa aka farke saboda shi?

Tarkon rigar silinda

In dole sai an cire kan inji, wanda makanikan Nijar ke kira kilas, akwai tarkon da tsofaffin masu gyaran Fijo suka sani, yara kuwa sukan faɗa. Silindar wannan inji ba a jikin bulo aka huda ta ba. Bututu ne dabam da ake zurawa, Faransawa na ce masa riga, ruwan sanyaya inji na zagaye shi kai tsaye, a gindinsa kuma akwai abin toshewa da ke raba ruwa da mai. Kan injin ne ke danne rigunan.

Saboda haka ba a ɗaga kilas sama kai tsaye, don yakan taso da riga. Ana fara gocar da shi gefe har ya saki. Da zarar ya fita, a danne rigunan da ƙarfe da noti kafin kowa ya juya inji. Riga ta motsa ko kaɗan, toshiyar gindi ta lalace. A haɗa komai, a tayar da mota, bayan kwana biyu ruwa ya gauraye da mai, a koma gidan jiya.

Wutar da ke ɓata sunan famfo

Da yawa daga abin da ake ɗora wa famfon mai, laifin delko ne. A motocin da ke da kwantak, ratarsa milimita 0.40 ce, kuma bayan doguwar kwanciya fuskarsa kan yi tsatsa. Kwandensa da ta gaji da bobin mai rauni suna da wata ɗabi'a: mota ta tashi lafiya da safe, ta yi zafi ta fara shaƙewa, ta mutu, ta huce ta sake tashi. Mai mota ya rantse mai ne ba ya zuwa. A duba murfin delko ko ya tsage, a duba nauye-nauyen cikinsa masu gaggauta wuta idan inji ya ɗau gudu, domin busasshen giris kan daskarar da su. In sun daskare, mota za ta yi ralanti lafiya amma ta rasa ƙarfi a hanya.

Ga wani abin da ke rikita baƙon hannu. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, amma Peugeot na fara ƙirga silinda ta 1 daga ɓangaren giya, wato daga baya, ba daga gaban lagireto ba. Kafin a zare wayoyin buji, a yi wa kowace alama.

Kugelfischer: a zo masa a ƙarshe

Wannan famfo ba ya da kwamfuta ko kaɗan. Ƙananan fistoci huɗu ne a cikinsa, kowane na tura fetur ta bututun ƙarfe zuwa nozul ɗinsa, da matsin da ya kai wajen ba 30. Irinsa ne a cikin BMW 2002 tii da Fijo 404 mai harbin fetur. A kan injin lita 1.8, wani dunƙulen ƙarfe mai tudu da kwari ne ke ƙayyade yawan mai gwargwadon gudun inji da takun totur. Saboda siffarsa Faransawa ke masa laƙabi da dankali. A kan na lita 2 kuwa, fatar roba ce ke amsa zuƙar iskar inji tana daidaita man.

Ana binsa ne daga tanki zuwa gaba. Ka murɗa makulli, ka kasa kunne: akwai ƙaramin famfon lantarki da ke kawo masa mai, ya kamata ka ji gurnaninsa. Ba ka ji ba, nemi fis da wayar ƙasa. Ka ji, to duba matatun mai da ke kan hanya, da bututun da ke mayar da rarar mai tanki. Sannan a ɗan sassauta notin bututu a bakin nozul, a juya inji, a ga ko mai na tsartuwa. A yi wannan a fili, da abin kashe gobara a kusa, an katse wuta, kuma kada kowa ya tara hannu a gaban feshin nozul, don yana iya huda fata.

In wata silinda ba ta samun mai, sau da yawa ƙananan bawul na jikin famfon ne danƙon tsohon fetur ya liƙe, wanki suke so. Nozul kuma a kai shi wurin masu na'urar gwajin nozul a ga feshinsa. Tsokana da waya kashe shi take yi. A duba man da ke cikin famfon kansa. A kan lita 2, a duba fatar robar nan da duk tiyon iska, domin ƙaramar tsaga ta isa ta birkita lissafin mai.

Abin da ba a yi shi ne kama sukurorin saiti a yi ta murɗawa da kunne kamar na kabureta. Sandar da ta haɗa totur da famfo da awo aka saita ta. Wanda ya kwance ta ba tare da littafin kamfani ba ya ƙara wa kansa ciwo na biyu a kan na farko, kuma ba zai san wanne yake magani ba.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, inji na shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda.

Zafinmu da al'adar cire tamostat

A ƙasashenmu an saba cire tamostat a jefar, wai don zafin rana. A wannan mota dabarar na da tsada. Famfon yana da wani sashe da ke jin ɗumin ruwan inji: da sanyi yana ƙara mai da iska, in inji ya yi ɗumi ya janye. Idan ruwan bai kai zafin da ya kamata ba, ko bututun da ke kai masa ruwa ya toshe, sai ya ci gaba da ƙara mai. Buji su yi baƙi, mota ta yi ta shan fetur, a ce famfo ya mutu. Maganin zafi shi ne lagireto mai tsabta da fanka mai aiki. Ruwan rijiya zalla kuma yana cin kilas, domin na alminiyom ne. A sa ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa.

Mai V6 kuma fa?

Wannan injin Peugeot da Renault da Volvo ne suka haɗa hannu suka yi shi. Na farkon yana da kabureta biyu na Solex da ƙarfin doki 136, daga baya aka sa masa harbin fetur na Bosch ya kai 144. Yana da wata halitta da ya kamata makanike ya sani: tazarar tashin wutarsa ba daidai take ba, digiri 90 ne sannan 150, bi da bi. Don haka ko yana da ƙoshin lafiya, ralantinsa na da ɗan ɗingishi. Wanda bai sani ba sai ya yi ta canza buji da wayoyi yana neman ciwon da babu. Shi ma rigunan silinda gare shi, dokar dannewa ta hau kansa.

Shawarar da ke rage darajar mota

Idan aiki ya yi tsawo, akwai maganar da mai mota zai ji ko ba daɗe: Alhaji, mu cire wannan famfo mu ɗora kabureta, gobe ka hau abarka. Gaskiya ne motar za ta tashi, kayan Fijo mai kabureta kuma ba su da wuyar samu a kasuwanninmu. Amma ƙarfinta zai ragu, kuma masu sayen tsofaffin motoci abin da suke biya shi ne mota da kayanta na asali. In larura ta sa aka yi hakan, famfo da nozul da bututu da sanduna duk a wanke a adana cikin akwati, kada a bari su bi ƴan gwangwan.

Sauran kuwa tarbiyyar aiki ce. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai. A canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka gani, sannan a taɓa na gaba. Motar da ta yi shekara 20 tana jira ba za ta ƙi ƙarin mako biyu ba, kilas da famfon da aka lalata kuwa sai an yi odarsu daga Turai, in ma an samu.