Ƙiyasin Yawan Jama'a da Rabon Allurar Riga-kafi a Kewayen Abuja

A ƙarshen watan Nuwamban 1991 aka gudanar da ƙidayar jama'a a Nijeriya, inda aka sami mutum 371,674 a Yankin Babban Birnin Tarayya. Mako biyu bayan haka, ranar 12 ga Disamba, gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Wato tun ba a gama tattara sakamako ba adadin ya tsufa. Da aka sake ƙidaya a 2006, sai aka sami mutum 1,406,239, ƙaruwar da ta kai kashi 9.3 cikin 100 a kowace shekara. Jama'ar da ke yaɗuwa haka takan ninka cikin shekara takwas.

Ba a sake wata ƙidaya ba tun daga 2006, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka ma'aikatan lafiya da ƙiyasi suke aiki. Sukan ɗauki adadin 2006, su ɗora masa ƙaruwar shekara-shekara, sannan su ware kashi 4 cikin 100 a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Bisa wannan lissafi ake tsara yawan allurar riga-kafi da sirinji da kuɗin sufuri da za a aika wa kowace ƙaramar hukuma.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin iyaka. Mararaba da Masaka suna cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, jihar da ake lissafa ƙaruwarta a kan kashi 3 cikin 100, alhali kuwa tsadar haya da rushe-rushen gidajen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 sun tura ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa can. Uwar da ke kwana a Mararaba tana iya kai jaririnta asibiti a Nyanya, a rubuta shi cikin lissafin Abuja.

Sakamakon haka, rahoton wata gunduma kan nuna an yi wa fiye da kashi 100 na yara allura. Wannan ba abin murna ba ne, alama ce cewa adadin da aka raba da shi ya yi kaɗan. A takarda an kammala aiki, a unguwa kuwa akwai yaran da ba a ware musu ko kwalba ɗaya ta allurar ƙyanda ba.