Digirin Ƙasa Da Tsiro: A Fara Daga Bakin Binuwai

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, da yawanku kukan aika kuɗin taki gida kowace damina. To, amma wa ya taɓa auna gonar ya ce ga irin takin da take so? Wannan tambaya ita ce ya kamata ta zauna gaban malaman jami'a duk sa'ad da za su tsara sabon digiri na biyu a ilmin ƙasa da tsirrai.

Mu ɗauki Yola misali. A 1981 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a can, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, a Girei. Tana da sashen aikin gona, ga kuma ƙasa iri-iri kewaye da ita. Sunan unguwar Luggere ta Jimeta ma kalmar Fillanci ce mai nufin kwari, watau inda ruwa ke taruwa.

Ƙasar wannan yanki ba ɗaya ba ce. Akwai jigawa mai yashi, wadda ba ta riƙe ruwa, taki kuma yakan zurare daga cikinta, wuta-wuta ta addabi dawa. Akwai fadamar Binuwai da ta tafkin Geriyo, inda ake noman rani na shinkafa da kayan lambu. Sa'an nan ga baƙar laka ta wajen Numan, mai tsagewa da rani, inda ake noman rake. A irin wannan laka ce manoma kan dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwan sama, ta nuna da danshin ƙasa kaɗai. Wannan ilmi ne na kaka da kakanni, ya kuwa cancanci a yi bincike a kansa sosai.

Ga kuma ambaliya. Tun da Kamaru ta gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, sakin ruwanta ya shafi gonakin bakin kogi, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ɗalibin da bai san abin da ambaliya ke yi wa ƙasa ba, da wuya ya amfani manomin Adamawa.

Saboda haka tsarin ya kamata ya haɗa abu uku: darasi a aji, awon ƙasa a ɗakin gwaji, da bincike a gonar manomi na tsawon damina guda, har da rani. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, wadda ta faro tun 1922, tana da gogewar da za a ara.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ya ce zai karanta ilmin ƙasa, kada ku ce ya koma baya. Mai wannan ilmi shi zai faɗa muku ko kuɗin takinku na shiga amfanin gona, ko kuwa ruwa ne ke tafiya da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.