Dogaro da Kai da Ajiye Aiki da Sauran Ƙarfi: Darasi daga Gandun Gaya da Ajingi



1.0 Gabatarwa

Batun da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda mutum zai kai matsayin da cinsa da shansa ba su rataya ga albashin wani ba, har ya iya ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa. Magana ce da ta yi tashe a Amurka da Turai, ta kuma fara shiga kunnen matasan ma'aikatanmu. Da yake ni malamin Hausa ne, zan shiga ta ƙofar kalmomi, sa'an nan in kawo lissafin da Turawa suka yi, in auna shi da ma'aunin ƙananan hukumomi biyu na gabashin Jihar Kano, watau Gaya da Ajingi, mu ga abin da zai ɗauku da wanda ba zai ɗauku ba.

2.0 Abin da harshe ya nuna

Kalmomin ritaya da fansho da garatuti duk baƙi ne, sun shigo Hausa tare da aikin gwamnati da na En'e a zamanin Turawa. Kalmar da muke da ita tun da, watau murabus, ta sarauta ce, talaka ba ya yin ta, kuma ko ga masu sarautar ba kullum take zama da son rai ba, kamar yadda aka gani a murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963. Wannan ya nuna cewa Bahaushen da bai san wata rana guda da ake yanke wa mutum a ce daga yau ya daina aiki ba.

Amma fa yana da kalmomin da suke bayyana burin da ake magana a kai. Akwai rufin asiri, wanda yake nufin mutum ya ci, ya sha, ya suturta iyalinsa, ya yi hidimar suna da biki da rashin lafiya ba tare da maƙwabci ya san halin da tukunyarsa take ciki ba. Akwai wadatar zuci, wadda take iyakance bukata. Akwai kuma cin gashin kai, watau ya zama babu mai iko da wunin mutum sai shi. Idan aka haɗa ukun nan an sami ma'anar abin da Turawa suke nema, sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ta ƙunshi zaman kashe wando. Bahaushe cewa ya yi da zaman banza gara aikin kishiya.

3.0 Lissafin Turawa

A 1992 wasu Amurkawa biyu, Vicki Robin da Joe Dominguez, suka fitar da wani littafi da ya zama tushen wannan ra'ayi, wanda daga baya aka taƙaita sunansa da haruffan FIRE. Jigonsa shi ne kuɗi sa'o'in rayuwar mutum ne da ya sayar, don haka duk abin da ya saya sai ya tambayi kansa awa nawa ya yi yana aiki kafin ya same shi. A 1994 kuma wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, William Bengen, ya bi diddigin kasuwar hannun jari da takardun lamunin gwamnatin Amurka tun daga 1926, ya gano cewa wanda ya ciri kashi 4 cikin 100 na dukiyarsa a shekarar farko, ya riƙa ƙara abin da yake cira daidai da tashin farashi, dukiyar za ta kai shi aƙalla shekara 30. Daga nan aka sami ƙa'idar da ake yawan faɗa: tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara, ka huta.

Mu gwada ta a kan wani malamin makaranta a Gaya, mu ƙaddara gidansa yana cin Naira 200,000 a wata. A shekara Naira miliyan 2.4 ke nan, ninki 25 kuwa Naira miliyan 60. Kowa a zauren nan ya san nisan da ke tsakanin albashin malami da wannan adadi. Amma babbar matsalar ma ba nan take ba. Ko da ya tara kuɗin, abubuwa uku za su rushe lissafin.

Na farko shi ne darajar Naira. A 1981 mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, wanda a lokacin ya kai kimanin Dala 200. A 2024 aka mai da shi Naira 70,000, wanda bai kai Dala 50 ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 tashin farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. A irin wannan gudu, kuɗin da aka ajiye yakan rasa rabin ƙarfinsa cikin ƙasa da shekara biyu da rabi. Lissafin Bengen an gina shi ne a kan Dala da kasuwar Amurka, ba a gwada shi da kuɗin da ya ga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 da cire tallafin man fetur na 2023 ba.

Na biyu shi ne zakka. Musulmin da ya ajiye tsabar kuɗi da ya kai nisabi har shekara ta zagayo zai fitar da kashi biyu da rabi cikin 100, kuma ba zai ci riba ta bashi da ruwa ba. Ashe ke nan shari'a ba ta ƙarfafa jibge kuɗi, juya shi take so a yi.

Na uku shi ne ma'anar gida. Lissafin Bature na mutum ɗaya ne, ko miji da mata. A Gaya kuwa albashi ɗaya yana ɗauke da iyaye, da ƙanne, da marayun ɗan'uwa, da auren 'ya'ya mata da kayan ɗakinsu. Ba a iya yi wa irin wannan hidima ƙiyasin shekara 30.

4.0 Yadda magabata suka yi

Gaya tsohon gari ne, har labarin baka ya ce daga nan maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin Dala don neman tama. A tsarin da aka yi a 2024, masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, damina wata huɗu, sauran shekara kuwa sana'a da kiwo da cin rani. A irin wannan ƙasa aka san hanyoyi uku na kaiwa ga cin gashin kai.

Hanya ta farko, kuma mafi muhimmanci, ita ce gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba daga safe zuwa azahar. Shi kuma uban yana ciyar da su daga rumbun gandu, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayauna da zai noma da yamma don aljihunsa. Idan 'ya'ya biyu ko uku suka kawo ƙarfi, sai uban ya ajiye fartanya, ko da bai tsufa tukuf ba, ya koma duba gona, da cin kasuwa, da karatu a zaure, da sasanta mutane. Wata Baturiya masaniyar tattalin arzikin karkara, Polly Hill, ta yi bayanin wannan tsari a littafinta na 1972 kan Ɓatagarawa ta Katsina. Ga ritaya tun da sauran ƙarfi ke nan, sai dai asusunta ƙasa ce da mutane, kuma an shekara ashirin ana zuba mata gudummawa ta hanyar renon 'ya'ya da kai taki gona.

Hanya ta biyu ita ce yayen yaron kasuwa. Yaro yakan yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima ba albashi, in ya nuna amana sai a yi masa aure a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa.

Hanya ta uku, mai ɗaci, ita ce murgu. A zamanin bauta, bawa yakan riƙa biyan ubangijinsa wani kuɗi sananne don a bar shi ya yi sana'ar kansa, abin da ya rage kuma ya tara har ya fanshi kansa. Ba kwatanta ma'aikaci nake da bawa ba, domin tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Abin lura shi ne tun a wancan lokaci an gane cewa ana sayen 'yancin lokaci da ɗan rarar da ke tsakanin samu da kashewa.

Duk hanyoyin uku sun yi tarayya a abu guda: dukiyar da ake dogara da ita mai haihuwa ce, kuma wanda ya sami 'yancin bai daina aiki ba, aikin ya sauya.

5.0 Me ya sauya?

Kada a ɗauka ina kira ne a koma gandu, domin ginshiƙansa sun raunana. A ƙidayar 2006 Gaya tana da mutum kimanin 200,000, Ajingi kuma fiye da 170,000, an kuma ƙaru sosai tun daga lokacin, alhali ƙasa ba ta ƙaruwa. Gonar da ta riƙe gandu guda, in aka raba ta gado sau biyu, sai ta koma 'yan fegi da ba sa ciyar da gida har kaka ta zagayo. Harajin da uba yake biya wa 'ya'ya, wanda yana cikin igiyoyin da suka ɗaure su a gandu, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali a 1979. Samari kuma sun ga hanyar Kano da Legas da Fatakwal. Wanda ya ce 'ya'yansa ne fanshonsa a yau, ya ɗora musu kayan da ƙila ba za su iya ɗauka ba.

Fanshon hukuma ma yana da iyaka. Ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Dokar Tarayya ta 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, mai aiki kashi 10, kuma ba a taɓa asusun sai an kai shekara 50, in ban da rubu'i guda da ake ba wanda ya wata huɗu ba aiki. Watau dokar kanta ba ta yi tanadin mai son tafiya yana ɗan arba'in ba. Jihar Kano tana da nata asusun da ta kafa da dokar 2006, amma gwamnatin da ta hau a 2023 ta bayyana cewa ta gaji bashin garatuti na fiye da Naira biliyan 40. Manomi da tela da mai shago kuwa sai a 2019 aka buɗe musu ƙaramin tsarin fansho na masu zaman kansu.

6.0 Abin yi

Shawarata ga matashin ma'aikaci a Gaya ko Ajingi ita ce ya ɗauki asalin ra'ayin Turawa ya bar musu adadinsu. Asalin kuwa shi ne rara. Wanda yake cinye duk abin da ya samu, ko albashinsa ya ninka, yana nan inda yake. Mun ga haka bayan ƙarin Udoji na 1974, lokacin da kuɗin ariyas suka tafi wajen babura da rediyoyi da ƙarin aure, farashi kuma ya biyo baya ya lashe sauran.

Sa'an nan ya auna 'yancinsa da bukatu maimakon Naira. Ya tambayi kansa: gida nawa ne ko na haya? Buhu nawa gidana yake ci a shekara, nawa gonata take bayarwa? Wace sana'a ce za ta kawo kuɗin cefane da na makaranta in albashi ya yanke? Ranar da amsoshin nan uku suka daidaita, ya kai inda ake so, ko asusunsa na banki bai cika ba, domin buhun gero buhun gero ne komai faɗuwar Naira.

Kada kuma ya zuba komai a tukunya ɗaya. Gona tana da farinta, kamar yadda aka gani a 1973. Shanu suna da annobarsu, kamar bushiyar 1983. Hatsin ajiya yana iya karyewa, kamar yadda masu saye a kaka suka gani a 2025. Saboda haka a raba: kaɗan a gona, kaɗan a raguna da bijimin turka da za a kai kasuwar Wudil ko a jira Babbar Salla, kaɗan a ɗakin haya, kaɗan a takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, waɗanda ba su da kuɗin ruwa. Adashi yana da amfani wajen tilasta wa kai tari, muddin kwasar za ta tafi ga abin da ke haihuwa. A guji duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda; waɗanda suka shiga MMM a 2016 suna nan da rai, a tambaye su.

Ya kuma fara sana'ar tun yana cikin aiki, da yamma da ranakun hutu, ba tare da cin amanar lokacin hukuma ba. Wannan ita ce gayaunar zamani. Da yawa daga tsofaffin ma'aikata garatutinsu ya narke ne a kasuwancin da suka shiga ranar farko suna da shekara 60, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Daga ƙarshe, ya riƙe zumunci, domin ranar da ciwo mai tsada ya zo, abin da ya shuka a wajen mutane yakan riga abin da ya ajiye a banki isowa.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, ajiye aiki ana ɗan arba'in a zauna ana cin ribar kuɗi abu ne da Naira da girman iyalinmu ba za su bari ya yiwu ga yawancinmu ba. Abin da zai yiwu, kuma magabatanmu a Gaya da Ajingi suka yi shi da fartanya da rumbu, shi ne mutum ya kai shekara hamsin yana da gida, da abinci, da sana'a, ta yadda in ya ci gaba da aikin gwamnati don yana so ne, in ya bari kuma asirinsa a rufe. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.