Ko Kun Sani? Hajiya Bilkisu Yusuf da Kujerar Edita

Ko kun san cewa marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe kujerar edita a jaridar Sunday Triumph ta Kano, sannan a New Nigerian ta Kaduna, tun cikin shekarun 1980? A wancan zamani akasari shafin girke-girke da kwalliya ake ware wa mace a gidan jarida. Ita kuwa ta zauna inda ake yanke hukuncin labarin da zai hau shafin farko, kuma a nan ikon jarida yake. Wani zai ce ai jaridun gwamnati ne, edita ba ya wuce gona da iri. Da gaskiyarsa, amma a 1990 ta koma mujallar Citizen mai zaman kanta, inda babu gwamnan da zai ɗora ta ko ya sauke ta. Wani kuma zai ce da Turanci take rubutu, matan karkara ba sa karantawa. Sai dai masu tsara manufofin ilimin 'ya'ya mata Turancin suke karantawa, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, wadda ta kai makarantu har cikin unguwanni. Ta rasu a turmutsitsin Mina lokacin aikin Hajjin 2015.